Iri Tun Daga Cikin Kaka

Wata Laraba da la'asar autata ta shigo ɗakina riƙe da waya tana murmushi, ta ce, "Mama, ga saƙon Yaya." Hoton sikanin ne, baƙi da fari, irin wanda in ba a nuna maka ba, ba ka gane ina kai ina ƙafa. A ƙasa an rubuta mako 20, kuma likita ya ce mace ce. Mai cikin 'yar farina ce, ba na kama sunanta, ita ma ba za ta iya turo mini irin wannan hoto kai tsaye ba. Haka aka raine mu, haka muka raine su. Na karɓi wayar, na daɗe ina kallo.

Shekara 24 ina koyar da ilimin halittu a sakandaren 'yan mata. Na zana wannan abu a allo sau ba adadi, amma ran nan ne lissafin ya tsaya mini a ƙirji. 'Yar tayin nan, wadda nauyinta bai wuce giram 300 ba, tana ɗauke da ƙwai kusan miliyan 7 a jikinta. Ba za ta ƙara samun yawan haka ba har iyakar rayuwarta. In Allah ya raya ta, ta yi aure ta haihu, daga cikin waɗannan ƙwai 'ya'yanta za su fito. Ke nan yarinyar nan tawa tana ɗauke da 'yarta, tana kuma ɗauke da mafarin jikokinta, a ciki ɗaya.

Abin da kunya ba za ta bar ni in zaunar da ita in faɗa mata ba, shi ne zan rubuta a nan.

Manomin kirki ba ya jira sai rumbu ya yi ƙasa sannan ya shiga neman iri. Tun ranar girbi, kafin a kai ga sussuka, yake zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye inda turmi ba zai gan ta ba. Sauran hatsin na tuwo ne da fura, shekara na zagayowa sun ƙare. Wanda aka rataye shi zai ga damina mai zuwa. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Ƙwayoyin halittar da suka gina mutum sun haura tiriliyan 30: na fata, na jini, na ƙashi, na ƙwaƙwalwa, duk na aikin yau da gobe ne, kuma da mai su za a binne su. Kashi ɗaya ne tak ke tsallakawa zuwa zuriya ta gaba, wato waɗanda ke zama ƙwai a jikin mace, su zama maniyyi a jikin namiji. Su nake kira ƙwayoyin iri a ajina, kuma kamar na manomi, da wurwuri ake ware su.

Wani Bajamushe mai suna August Weismann, malami a jami'ar Freiburg, shi ya fara tsayawa kai da fata a kan wannan bambanci, ya fitar da littafi a kai a 1892. A zamaninsa masana da yawa sun ɗauka abin da ya sami jikin uba yana iya bin ɗa. Sai ya tara ɓeraye yana yanke musu wutsiya, 'ya'yansu ma ya yanke, har zuriya biyar. Cikin 'ya'ya 901 da aka haifa babu ko ɗaya da ya zo da guntuwar wutsiya. Kullum na kawo wannan labari a aji sai in tambayi ɗalibai: shekara nawa wanzamai suka yi suna tsaga fuskokin kakanninmu? Wa ya taɓa ganin jaririn da ya faɗo da zane uku-uku a kunci? Shekara nawa ana yi wa yara maza kaciya, amma kowane yaro sai an sake kai shi? Aska na taɓa jiki, ba ta kai ga iri. Nan da nan suke ganewa.

Wata 'yar ƙa'ida kafin mu shiga tafiyar: makonnin da zan ambata daga ranar da maniyyi ya haɗu da ƙwai ake ƙirga su. Lissafin asibiti yana gaba da wannan da mako 2, domin shi daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara yake tashi.

A mako na 3, lokacin da mace ta fara cewa watanta ya ɗan yi jinkiri, ɗan tayi bai kai ƙwayar riɗi ba. Ba hannu, ba ido, zuciya ma tana shirin fara bugawa ne. A wannan ƙanƙanta aka riga aka zaɓi wasu 'yan ƙwayoyi, 'yan gomomi kawai, aka rufe musu hanyar zama fata ko hanta ko ƙashi. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne inda ake ajiye su. Ba a cikin jikin tayin suke ba. Akwai wata 'yar jaka da ke maƙale da shi ta ciki, ana ce mata jakar gwaiduwa saboda ta yi kama da wadda ke riƙe gwaiduwar ƙwan kaza, ko da yake tamu babu gwaiduwa a ciki. A bangon wannan jaka, can wajen wutsiya, nan ake tarar da ƙwayoyin iri wajen kwana na 24. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, a makonnin nan jikin tayi cike yake da umarni, ana cewa wannan ya zama jijiya, wancan ya zama nama. Sai a janye iri gefe don kada hayaniyar ta ja shi shi ma ya zama wani abu daban.

Matsalar ita ce gidan da za su zauna, wato ma'ajiyar ƙwai ko 'ya'yan maraina, a lokacin ba a ma fara gina shi ba, kuma ba kusa za a gina shi ba. Can ciki ne, a bangon baya, dama da hagun ƙashin baya, dab da ƙodar farko. Duk sanda na zo nan sai in tuna yadda Bahaushe ke cewa wane ɗan tsatsona ne. Maraina a ƙasa muke ganinsu, amma asalinsu daga can wajen tsatso suka taso.

To, sai tafiya. Wanda ya fara bin sawunta filla-filla a jikin ɗan Adam shi ne Emil Witschi, haifaffen Suwizalan da ya yi aikinsa a jami'ar Iowa ta Amurka. A 1948 ya bi 'yan tayin da aka adana a tarin cibiyar Carnegie, an yayyanka su sala-sala siriri fiye da fatar albasa, ya jera su daga ƙarami zuwa babba, yana duba inda ƙwayoyin suke a kowane mataki. Gane su bai yi wuya ƙwarai ba, don sun fi maƙwabtansu girma da kewaya. Duk da haka sai ka jera kamar 50 kafin su cika milimita ɗaya. A farkon shekarun 1950 aka gano wani rini da ke kama su fiye da na kusa da su, aiki ya ƙara sauƙi.

Zangon farko ba su ke tafiya ba, ɗaukarsu ake yi. A mako na 4 tayin da yake shimfiɗe kamar faifai yakan naɗe kansa, ya ja wani yanki na jakar gwaiduwa ciki, yankin ya zama hanji. Ƙwayoyin iri da ke manne a wurin sai su tsinci kansu a bangon hanji, kamar wanda ya kwanta a kwalekwale a wannan gaɓa ya farka a waccan. Daga nan kuma ƙarfinsu ne. Ƙwayar takan miƙa wani ɓangare na jikinta gaba, ta kama, ta jawo sauran, ta sake miƙawa, tana kutsawa tsakanin 'yan uwanta. Duk matar da ta taɓa wanke kayan cikin ragon layya ta san tantanin nan mai kitse da hanji ke rataye a jikinsa. Shi ne hanyarsu. Su hau shi har su kai bangon baya, su rabu biyu, wasu dama wasu hagu, su shiga 'yan tudun da suka fara tasowa. Tsakanin mako na 5 da na 6 sun isa. Nisan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, amma kusan mako biyu yake ci, kuma suna tafe suna rabuwa biyu-biyu, har su isa sun zama dubbai.

Ba su da ido, ba su da kunne, wa ke nuna musu hanya? Makiyaya sun ce saniya na jin ƙamshin ruwa tun daga nesa. Wani abu mai kama da haka ne. Masaukin yana fitar da wani sinadari, ƙwayoyin iri kuma suna da abin shaƙarsa a fatarsu, sai su riƙa karkata inda ya fi yawa. A 2002 Erez Raz da abokan aikinsa a Jamus suka nuna haka a jikin wani ɗan kifi mai ratsi-ratsi, wanda ana iya hango cikin tayinsa tun yana raye. Da suka sa sinadarin, mai suna SDF1, ya fito a wani wuri daban, sai ƙwayoyin suka juya suka bi shi can. Shekara na zagayowa aka tabbatar da aikinsa a jikin ɓera. Akwai kuma wani sinadarin da ƙwayoyin gefen hanya ke ba su, shi kamar guzuri ne: in babu shi ba sa tafiya, ba sa yawa, ba sa ma rayuwa. Ɓerayen da aka haifa da lahani a wannan tsari sukan fito farare, jininsu ya yi ƙaranci, kuma ba sa haihuwa, domin guzurin nan ɗaya ne ƙwayoyin launin fata da na jini da na iri suka dogara da shi. Kaza kuwa tata hanyar daban ce: ƙwayoyin irinta jijiyar jini suke shiga, jini ya kwashe su, su sauka inda ya kamata.

Wanda ya saki layi fa? Galibinsu guzuri ya yanke, su mutu shiru, jiki ya share su. Amma ƙwayar iri ba kamar sauran ba ce, a cikinta akwai ikon gina mutum sukutum. In ta rikice ta fara gini ba da izini ba, abin da ke fitowa ƙari ne mai ban tsoro: buhu mai gashi, da kitse, wani lokaci har da haƙori da ƙashi. Likitoci na kiransa teratoma. Ya fi yawa a ma'ajiyar ƙwan mace, daga ƙwayoyin da suka isa lafiya amma suka rikice daga baya. Ana kuma samun dangoginsa a tsakiyar ƙirji, da tsakiyar ƙwaƙwalwa, da ƙarshen ƙashin bayan jariri, kuma jerin wuraren nan a kan layin tsakiyar jiki shi ya sa masana da dama ke danganta su da ƙwayoyin da suka ɓata a hanya. Na ƙashin baya yana faruwa kamar sau ɗaya cikin haihuwa 35,000 zuwa 40,000, ya kuma fi samun 'ya'ya mata.

Na tsaya a nan ne saboda abin da na gani da idona. Wata maƙwabciyarmu ta daɗe tana fama da ciwon mara, aka yi mata tiyata, aka ciro ƙari kamar lemon zaƙi, da aka tsaga sai ga dunƙulen gashi da haƙori biyu. Kafin ta dawo gida magana ta gama unguwa: sammu ne, kishiya ce ta binne mata. Kishiyar nan ta yi kuka har idonta ya kumbura, zaman shekara goma sha ya lalace. Na je na yi bayani iya iyawata, wasu suka ji, wasu ba su ji ba. Gashin nan nata ne, haƙorin ma nata ne, ƙwayar da ta gina su tana jikinta tun ita ma tana cikin uwarta. Mafi yawan irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, in an cire shi ke nan.

Waɗanda suka isa lafiya kuwa, wanka ake fara yi musu. Littafin gadon da ke cikin kowace ƙwaya, wato DNA, iri ɗaya ne a duk jiki, amma akwai 'yan alamomi a kansa kamar na fensir a gefen shafi: karanta nan, tsallake nan, wannan daga uwa ya zo, wancan daga uba. Azim Surani, haifaffen Kisumu ta Kenya da ke aiki a Kambirij, yana cikin waɗanda suka gano alamomin uwa da uba a 1984. A ƙwayoyin iri ana goge kusan dukkan alamomin nan, rubutun ya tsaya yadda yake, sannan daga baya a sa sababbi daidai da jinsin mai jikin. Babu wata ƙwaya a jikin mutum da ake yi wa gogewa mai zurfin wannan.

Har zuwa mako na 6, tudun nan biyu ba a san na mace ne ko na namiji ba. Sandunan gado, waɗanda ake kira kuromosom, 46 ne a ƙwayar mutum, adadin da aka tabbatar a 1956 a Suwidin. Biyu daga ciki su ke da ruwa da jinsi: mace X da X, namiji X da Y. A kan Y akwai wani ɗan umarni mai suna SRY, wanda aka gano a Landan a 1990. In yana nan, wajen mako na 7 sai ya tashi, tudun ya kama hanyar zama maraina. In babu shi, ya zama ma'ajiyar ƙwai. Ƙwan mace X kawai yake ɗauke da shi, ko da yaushe. Maniyyi ne ke zuwa da X ko Y. Na sha ganin matar da aka yi wa gori, wata har aka yi mata kishiya, wai ita mata kaɗai take haifa. Wannan zalunci ne. Rabo na Allah ne, in kuma sababi ake nema, ba ta wajenta ya biyo ba.

Daga nan hanya ta rabu. A jikin mace sai yawaita ta ɓarke. Wani masani a Birmingham ta Ingila, T. G. Baker, ya zauna ya ƙirga a 1963: wata 2, kimanin 600,000, wata 5, miliyan 6 da dubu 800, ranar haihuwa, kimanin miliyan 2. Tun kafin ta sha iskar duniya fiye da kashi biyu cikin uku sun tafi. Ƙwan da ya samu 'yan ƙwayoyi suka kewaye shi kamar sheƙa shi ke tsira, wanda bai samu ba ya narke. Lokacin balaga saura 300,000 zuwa 400,000. Waɗanda za su nuna a sake su, ɗaya a wata, ba su wuce 400 zuwa 500 ba duk tsawon shekarun haihuwa. Sauran a hankali suke zubewa, ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko tana shan maganin tazarar haihuwa, ko ba ta sha. In suka ragu zuwa kamar 1,000, al'ada ta ɗauke.

Ga kuma jira. Kafin ƙwai ya yi amfani sai ya rage sandunansa daga 46 zuwa 23, don in ya haɗu da 23 na uba lissafi ya cika. Wannan rabo tun a wata na 3 na ciki yake farawa. Sandar da ta zo daga uwa ta rungumi 'yar uwarta da ta zo daga uba, su yi musanyen yankuna, shi ya sa yaro ke ɗauko hancin wannan kaka da idon waccan. Sai aikin ya tsaya cak a tsakiya. Ba zai ci gaba ba sai watan da za a saki wannan ƙwan, ko bayan shekara 15, ko bayan 40. Duk tsawon lokacin akwai wani abu kamar danƙo da ke riƙe sandunan biyu-biyu, kuma danƙo na saki in ya tsufa. Wannan ne babban dalilin da ya sa ɓari da haihuwar yaro mai sanda ta 21 guda uku, lalurar da ake kira Down, ke ƙaruwa da shekarun uwa: kamar ɗaya cikin 1,500 a shekara 20, ɗaya cikin 100 a shekara 40. Ba wani abu uwar ta ci ba, ba wani abu ta aikata ba.

Na namiji gajeren labari ne. Ƙwayoyin suna shiga cikin 'yan bututun maraina, su yi yawa kaɗan, su kwanta. Sai balaga suke tashi, daga nan kuma ba tsayawa: miliyoyi a kowace rana, kowanne yana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ya kammala. Su marainan ma da tasu tafiyar, daga wajen ƙoda zuwa jaka, a watannin ƙarshe na ciki, domin maniyyi na son wurin da ya ɗan fi cikin jiki sanyi. Kamar 3 cikin 100 na yaran da suka cika wata tara suna zuwa ɗaya bai sauko ba, bakwaini sun fi haka nesa. Mai yi wa jariri wanka ta riƙa dubawa. In ya kai wata 6 bai sauko ba a kai shi asibiti, don barinsa a sama yana ƙona iri.

Masana ba su tsaya ga kallo ba. A Japan, Mitinori Saitou da Katsuhiko Hayashi sun ƙera ƙwayoyin irin ɓera a ɗakin bincike, suka samu maniyyi a 2011, ƙwai a 2012, har aka haifi 'ya'ya masu lafiya. A 2015 Surani da Jacob Hanna suka fitar da aikin da ya nuna sun samar da matakin farko na ƙwayoyin irin mutum, suka kuma gano cewa mabuɗin da ke kunna su, SOX17, ba shi ne na ɓera ba. Cikakken ƙwai ko maniyyin mutum dai ba a kai gare shi ba. Ina tausayin masu neman haihuwa da wannan zai iya taimaka wa wata rana, amma ina ganin maganar nasaba ce, bai kamata a bar ta ga masu ɗakin bincike su kaɗai ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai na kusa ne. Zaɓe da tafiya da isa duk suna aukuwa ne a makonnin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, lokacin da ake shan ƙwaya daga kemis da jiƙo daga mai talla don wai jini ya ɗaure. Binciken da aka yi a Denmak ya nuna 'yan tayin matan da ke shan taba suna da ƙarancin ƙwayoyin iri, maza da mata. Abin da ya shiga jikin mai ciki bai tsaya kan ɗan da za ta haifa ba.

Da Juma'a ta zagayo na je gaida Inna, na nuna mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta ce ita ba ta ga komai ba sai hayaƙi. Na zauna a gefen tabarmarta na ce, "Inna, kin tuna shekarar da kike da cikina?" Ta ce wa zai manta, shekarar farin nan ne na 1973, da shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, ana auna dawa da gwangwani. Na ce to ƙwan da aka halicci kishiyar taki mai cikin nan da shi, a wannan cikin aka yi shi, ya zauna a jikina shekara 25 kafin lokacinsa ya yi.

Ta yi shiru tana ƙirga da yatsu. Can ta ce, "Ke nan ni na fara ɗaukarta, kafin ke?"

Na ce, "Rabinta dai, Inna. Ɗaya rabin yana can wajen dangin ubanta."

Ta ce rabi ma ai ba kaɗan ba ne. Ta ɗaga gefen katifa ta zaro kuɗi, ta ce a sayi hanta da ƙwai a aika wa yarinyar, a kuma gaya wa mijinta in wata bakwai ya cika ya kawo ta goyon ciki, ɗakinta za ta sauka.